Muryar da Muka Jiƙa a Ƙwarya

Shekarun baya, lokacin ina goyon fari, mun zauna a barikin Rogo, can bayan gari ta wajen hanyar Karaye. Mijina kuku ne a gidan wani Bature mai duba gyaɗa. An ba mu ɗaki ɗaya a bayan gidan, kusa da madafa, tsakaninmu da tagar falonsu bai fi taku ashirin ba. Ni 'yar ƙauyen Fulatan ce, ban taɓa kwana a ƙarƙashin rufin kwano ba sai da aure ya kai ni. Komai na gidan tsoro yake ba ni. Ko butar shayinsu ta yi fito a kan wuta sai in suri yaro in faɗa ɗaki. Wannan rubutun ma daga baya na koye shi a ajin yaƙi da jahilci, in kun ga ya karkace ku yi mini haƙuri.

Matar Baturen, wadda duk muke kira uwargida, ba ta da ɗa, ba ta da wani aiki sai wani ƙaton akwatin kiɗa da suke ce wa piyano. Da mota aka kawo shi daga Kano, sai da ƙarti takwas suka taru kafin ya sauka. Yana da haƙora farare da baƙaƙe a jere, in ta danna sai wasu 'yan guduma su bugi tsirkiyoyin ƙarfe a cikinsa. Na san haka ne don na leƙa ranar da aka ce in taya goge shi. Kullum da hantsi za ta zauna ta yi ta dannawa. Ni dai har yau ban gano inda ake taka rawa a wannan kiɗa ba, amma yaron yana sonsa. Da ta fara sai ya saki nono ya juya kai.

Watansa goma a lokacin. Ba zan rubuta sunansa ba. Ɗan fari ne, kuma sunan surukina aka sa masa, kun ga kunya biyu ke nan. A gaban mutane ko kallonsa ba na cika yi. In ya yi kuka a taro sai in miƙa wa ta kusa da ni in kau da kai kamar ba ni na haife shi ba, alhali hankalina yana kansa.

Da damina ta kusa ɗaukewa sai Baturen ya dawo daga Kano da wani akwati mai nauyi, mai faifai biyu a samansa. A jikin faifan an naɗe wani siririn zare mai faɗi kamar tsagin kaba, launin ƙasa. Rikoda sunansa. Yana da wani ɗan ƙarfe mai kai kamar ludayi, mai raga-raga a baki, da doguwar waya. Shi ne makirfo.

Na tambayi mijina na mene ne.

Ya ce, "Mahaifiyar uwargida ce ta tsufa a ƙasarsu, ba ta fita. Shi ne uwargida take so ta ɗauki kiɗan ta aika mata."

Na ce, "A ɗauki kiɗa? A kwando ko a buhu?"

Ya ce, "Ke dai zuba ido."

Ashe ɗaukar kiɗa wahala ce. Sati guda uwargida tana fama. Da farko rurin injin wuta ya riƙa shiga, sai aka ja shi can bayan bishiyar mangwaro aka ƙara waya. Ta ɗaga murfin piyano ta tura makirfon ciki, sai ya riƙa kamo ƙwanƙwasar gudumomin da ƙarar abin da take takawa da ƙafa. Ta kai shi bakin ƙofa, sai kiɗan ya fito kamar daga cikin rijiya, saboda daɓen siminti da rufin kwano. Daga nan aka shiga rataye barguna a bango. Aka ari tabarmina biyu aka shimfiɗa, har gwadon aurena sai da ya hau ƙusa a falon Bature. A ƙarshe ta sami wurin da ya yi mata: kan wani ɗan tebur kusa da tagar baya, kamar taku uku daga piyano, an tokare murfin yana fuskantarsa, an ninke tawul an ɗora makirfon a kai.

Sai aka kafa mana doka. Da hantsi ba daka, ba wanke-wanke, ba kiran kaji. Zakaran gidan ma kife shi ake yi da kwando a rufa tsumma. Mijina ya ce da ni, "Wannan abin ya fi kunnen mutum. Kunne yana zaɓar abin da zai ji, shi ba ruwansa, ko tsaki kika yi sai ya kwashe."

Na ji, amma ban fahimta ba. A zatona sai wanda ya tsaya a gabansa yake ji.

Ranar wata Asabar zafi ya yi yawa, irin na bayan ruwa. Uwargida ta kasa jure rufaffen ɗaki, ta buɗe tagar bayan rabi. Ni ban sani ba. Ɗakinmu ya yi turiri, yaro yana ta mutsu-mutsu, kuma a wannan lokacin babu inuwa sai ta gindin wannan tagar. Na lallaɓa na zauna a can na jingina da bango. Kiɗa ya tashi a hankali, yaron ya buɗe baki yana murmushi, haƙoransa huɗu. Na duba dama da hagu ban ga kowa ba. Sai na ɗaga shi na hura masa iska a cibiya. Ya ƙyalƙyale da dariya. Na sake, ya sake. Na kira sunansa, sunan nan nasa na yanka, har sau uku, ina cewa, "Waye nawa? Waye ɗan lelena?" Shi kuma yana ta "da, da, da" yana kama mini hanci.

Bai jima ba barci ya ɗauke shi, na goya shi na koma. Ina tsintar shinkafa sai ga mijina.

Ya ce, "Taso, uwargida na kira."

Na ce, "Me na yi?"

Ya ce, "Za ki ji da kunnenki."

Na shiga falon, na riga na ƙudurta korarmu za a yi. Direban gidan yana tsaye a bakin ƙofa, wani barkwancin mutum ɗan Unguwar Hajji, ya zo karɓar saƙo. Uwargida ta yi mini alama in matso, ta murɗa wani abu, faya-fayan suka fara juyawa. Kiɗanta ya fito sak. Can cikin kiɗan sai na ji dariyar yarona.

Na kai hannu baya na taɓa shi. Yana nan a goye, barci yake, bakinsa a rufe, kumatunsa manne da bayana. Amma ga shi can yana dariya a cikin akwati. Tsigar jikina ta tashi. Kafin in farfaɗo sai ga wata murya siririya kamar ta 'yar akuya tana kiran sunan surukina sau uku. Sai da ta kai ga "ɗan lelena" na gane tawa ce.

Mijina ya sunkuyar da kai yana kallon yatsun ƙafarsa. Direba ya ce, "Ashe dai ana so, mu ake yi wa fuska. To Allah ya tona."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Uwargida kuwa dariya take har da hawaye, tana magana da sauri. Mijina ya fassara mini cewa wai tun da ta fara ɗauka ba ta sami abin da ya kai wannan daɗi ba, ba za ta goge ba, haka za ta aika wa uwarta ranar Laraba in motar wasiƙu za ta Kano, daga can a sa a jirgi.

Na fito na koma ɗakinmu. Kunyar ta wuce kafin la'asar. Abin da ya ƙi wucewa shi ne wannan: yaro yana barci, muryarsa tana wani wuri ba tare da shi ba, kuma za a tsallaka teku da ita.

Ranar Litinin jikinsa ya yi zafi, ya ƙi nono. Wayewar Talata ya buɗe baki zai yi kuka, sai wata 'yar shaƙaƙƙiyar iska ta fito, ba murya. Wuyansa ya kumbura ta gefe biyu. Na buɗe bakinsa wajen haske na ga wani abu fari-fari ya shimfiɗu can cikin maƙogwaro kamar yanar kunu. Na aika Fulatan, kafin la'asar surukata ta iso a kan jaki.

Ta karɓe shi tana cewa, "Haba maigida, da ka ji amarya ta zo sai ka ƙi magana? Fushi kake don ban zo da ƙuli ba?" Ya dube ta ya motsa baki, shiru. Fuskarta ta canza. Ta ce da ni, "Me ya ci? Wa ya gani? Ina kika kai shi?"

Na faɗa mata duka, har da kiran sunan, kaina a ƙasa.

Ta ce, "Kina tsaye aka ɗebe masa murya aka zuba a akwati. Yana barci akwati yana dariya da bakinsa. Yau kwana uku da yin haka, ga muryar ta ɗauke, kina kuma tambayar me ya same shi?"

Mijina ya ce, "Inna, na'ura ce fa. Ni ma ta kama tarina rannan, ga ni garau."

Ta ce, "Kai ƙato ne, kurwarka ta yi ƙwari. Wannan ko maɗigarsa ba ta gama rufewa ba. Abin da aka ɗiba shi za a mayar."

Ina roƙonku kada wanda ya karanta wannan ya zagi tsohuwar nan. Allah ya ji ƙanta, son jikanta take yi. Kuma abin da ta faɗa yana cikin raina tun ranar Asabar, ita dai ta furta ne kawai.

Da sassafe ranar Laraba muka je ƙofar falo mu uku, yaro a kafaɗata. Direba yana ta loda jakar wasiƙu a mota. Uwargida ta fito, mijina ya durƙusa ya yi mata bayani yana inda-inda, don shi kansa kunyar maganar yake ji. Ba ta bari ya gama ba. Ta ɗauko cokali ta danne harshen yaron ta leƙa. Na ga jinin fuskarta ya janye. Ta yi magana a tsaye, ba dariya.

Mijina ya ce, "Ta ce mashaƙo ne. Ta ce a sa shi a motar nan yanzun nan, akwai allurarsa a asibitin Kano, amma ba ya jira."

Na ce, "Ka ce ta ba ni muryarsa tukuna."

Ya faɗa mata. Ta dube ni kamar ba ta ji daidai ba. Ta yi ta bayani da hannu, wai zaren ba ya ɗauke komai daga jikin mutum, kamar inuwa ce a madubi. Ni kuwa na kafe. Ni da ko ido ba na iya haɗawa da ita, ranar na tsaya a gabanta ina cewa a ba ni, a ba ni. Da ta ga lokaci na tafiya sai ta shiga ciki, ta kwance ƙunshin da ta riga ta ɗaure, ta ɗora faifan a rikoda, ta nemo wurin. Ta sa almakashi ta yanke, tsawonsa ya kai gaba uku, ta naɗe a yatsa ta danƙa mini a tafin hannu. Ta nuna mota.

Har na ɗaga ƙafa. Wallahi har na ɗaga ƙafa.

Sai surukata ta riƙe mini zani. Ta ce, "Ina za ki? Ga magani a hannunki. Jiƙa shi za a yi kamar rubutu, ya sha, muryarsa ta koma mazauninta. Kuma kin san abin da suke yi wa masu ciwon wuya a can? Huda maƙogwaro suke yi su sa ƙarfe. Jikar maƙwabcinmu haka aka yi mata."

Na dubi wuyan yaron, ɗan siriri a ƙarƙashin kumburi. Na dubi mijina ko zai yanke mana. Ya dubi uwarsa, ya dubi uwargida, ya kau da kai. Na ce to a bari ya sha tukuna, in ba sauƙi sai a tafi.

Direba ya jira mu har rana ta take tsaka. Ya leƙo ɗakinmu, ba barkwanci a bakinsa, ya ce, "Yaya, ruwa ya haɗo ta gabas. In ya sauka rafin gaban Karaye zai kawo, ba ni ba wucewa. Ku shigo ku jiƙa a hanya mana, ni zan tuƙa a hankali."

Surukata ta ce ba a jiƙa magani a cikin girgiza. Ya ce, "Sai Juma'a ke nan fa." Muka ji ƙarar motar tana nisa.

Sabuwar ƙwarya muka samo. Na zuba ruwan randa, surukata ta yi bisimilla ta saka zaren. Da ya jima sai ta ce in murje shi da yatsa kamar yadda ake wanke allo. Na yi ta murzawa, ina kankarewa da farce. Sai launin ƙasan nan ya fara fita, ruwan ya yi ja-ja, zaren ya koma garai-garai kamar ɓawon albasa.

Ta ce, "Kin gani? Ta fito."

Ba zan ɓoye muku ba, na yi murna. Rabona da abinci tun Litinin, amma a lokacin sai da na ci tuwo.

Muka ɗaga kansa muka ɗura masa da cokali. Ya shaƙe, ruwan ya dawo ta hanci. Muka bari ya huta muka sake. Haka muka wuni, haka muka tashi ranar Alhamis. Duk cokalin da ya ɗan wuce sai mu kasa kunne ko za mu ji kuka. Ni da nake hana shi kuka saboda dokar hantsi, na koma ina roƙon Allah ya tsala ihu ya cika barikin. Numfashinsa ya koma kamar ana jan zarto a ɗanyen itace, ramin wuyansa yana lotsawa in ya ja iska.

Da azahar ɗin Alhamis ruwan ƙwaryar ya ƙare. Na zauna ina kallon ƙasanta, sai hankalina ya dawo jikina gaba ɗaya, kamar wadda aka tasa daga barci. Na ce da mijina, "Nemo mota." Ya hau keke ya nufi Karaye cikin taɓo. Ya dawo gab da magariba, wandonsa duk laka, ya ce rafi ya kawo, babu motar da ta shigo, babu mai fita. Uwargida ta zo ta tafasa ruwa a buta ta kafa bargo a kanmu don ya shaƙi tururi. Ya ɗan lafa, ba don ya warke ba.

Ranar Juma'a da hantsi ya cika. Yana kan cinyata, amma da na ji matan gari sun fara sallama a ƙofa sai na miƙa wa surukata, don kada a shigo a same ni rungume da ɗan fari. A hannunta ya ƙarasa. Ban yi kuka a gaban mutane ba. Aka yi ta yabona, wai yarinya ce mai kunya da tawakkali.

Motar ta iso bayan an sauko daga masallaci, an riga an kai shi. Direba ya sauko da wani ɗan kwali a hannu. Ashe uwargida ta rubuta wa likita takarda, an ba shi allurar ya kawo. Ya ga mutane zaune a tabarma, ya tsaya da kwalin a hannu, ya rasa inda zai ajiye shi. Daga baya ya tura shi aljihu ya zo ya durƙusa ya yi mana gaisuwa.

Piyano bai sake tashi ba har aka yi arba'in. Aka sauke barguna, aka dawo mini da tabarmina da gwadona a ninke.

Bayan arba'in na yi wani abu da ban taɓa faɗa wa surukata ba. Zaren nan da muka wanke ban yar ba, na ƙulle shi a bakin zani. Na sami mijina na ce ya raka ni wajen uwargida. Na kwance na miƙa mata, na ce ya tambaye ta ko za a iya sa shi ya yi magana, ko sau ɗaya. Ta daɗe tana kallonsa. Ta ce sauran faifan ya riga ya tafi ƙasarsu, kuma kiɗa ne kawai a ciki. Ta ce wannan kuwa, abin da muka kankare shi ne yake riƙe da sautin. Na ce duk da haka a gwada.

Ba ta yi musu ba. Ta sa aka tayar da inji, ta liƙa zaren a tsakanin wani sabo, ta murɗa. Muka tsaya mu uku. Faya-fayan suka juya, zarena ya bi ta cikin akwatin ya wuce. Ba abin da ya fito sai wani huci, shuuu, kamar iska a cikin kara. Ta mayar ta sake. Haka dai. A nan ne na yi kukan da ban yi ba, a falon Bature, a gaban mijina, na kira sunan ban ji kunyar kowa ba.

Mun bar Rogo da aka yi wa Baturen canji. Yanzu ina da biyu, mace da namiji, ƙaramin yana bayana ina wannan rubutu. Malamin unguwarmu ya ce kwanansa ne ya ƙare, ko an kai shi Kano sai abin da Allah ya rubuta. Na yarda, ba na jayayya da hukuncin Ubangiji. Amma kuma ni ce na ɗaga ƙafa na mayar, wannan ba wanda zai sauke mini shi.

Maƙwabta suna yi mini dariya, sun sa mini uwar asibiti, don yaro ko shaƙuwa ya yi na yafa mayafi na kama hanya. Su yi ta yi. Ke da kike goyo, in muryar ɗanki ta dishe kika ga fari a maƙogwaronsa, kada ki tsaya neman wanda ya yi masa. Ki shiga motar da ta fara tsayawa. Kuma in kina sonsa ki kira shi, ko da a ɗaki ne ku biyu.

Fuskarsa tana nan a idona, har haƙoran nan huɗu. Muryar ce nake nema in rasa. Nakan zauna in yi ta ƙoƙarin tuno yadda dariyar take, sai ta waɗannan biyun ta shigo ta rufe ta. Wuri ɗaya tak aka taɓa ajiye ta a duniya, ni kuma na sa farce na kankare.

Allah ya sa mai ceto ne.